Tasha

Akwai kalmomin da suka daɗe a bakinmu har muka mance ranar da suka sauka da wanda ya rako su, ta yadda in da wani zai miƙe yau ya ce mana baƙi ne, sai mu dube shi duban wanda ya zo raba zumunci. Tasha tana daga cikinsu. Mutumin Lafiya wanda ya yi asubanci zai tafi Akwanga ko Makurɗi ko Shandam, in ya ce wa iyalinsa ya nufi tasha, ba ya jin ya yi Turanci, kuma bisa ga haƙiƙa bai yi ba. Amma duk da haka masu bin diddigin lugga sun haɗu a kan cewa wannan kalma mai gaɓa biyu, wadda yaro ke iya faɗa tun bai iya ɗaura wando ba, ita ce wadda Bature ke rubutawa “station”, ta shigo ƙasar nan tare da dogo da kwal da hayaƙi, ta kwance kayanta, ba ta sake waiwayar gida ba.

Abin da ya fara riƙe ni game da ita shi ne aikin da bakin Bahaushe ya yi mata kafin ya yarda ta zauna. A bakin masu ita, kalmar tana farawa ne da baƙaƙe biyu a jere, babu wasali a tsakaninsu, abin da harshenmu bai taɓa lamunta ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya ɗauki nahawu da sarfu ya san ƙa'idar nan ta cewa Balarabe ba ya fara magana da harafi mai ɗauri, shi ya sa da sunan babban masanin nan na Yunan ya iso Bagadaza sai aka sa masa alifi a goshi ya zama Aflaɗun. Mutanen Sifen ma, da tushen wannan kalma tamu ya je gare su, wasali suka ɗora masa a gaba saboda wannan dalili. Shi Bahaushe hanyoyi biyu gare shi. Galibi yakan cusa wasali ne ya raba baƙaƙen da suka cunkushe, kamar yadda ya yi wa sito da sitiyari da direba da burodi da firamare, har zuwa sukurudireba, wanda ya shiga da gaɓa uku ya fito da shida. Wani lokaci kuwa, in ya ga kayan sun yi yawa, sai ya zubar da wasu, kamar yadda ya yi wa kurtu da samanja a barikin soja. Ta biyun aka yi wa tasha: aka yar da harafin farko, aka yar da na ƙarshe, da kuwa ta ƙare da wasalin da galibin sunayen mata ke ƙarewa da shi sai ta zama mace, aka ce tashar mota, aka ce tasha ta cika, aka yi mata jam'i irin na 'yan gida, tashoshi, a kan awon hanyoyi da tagogi. Kalmar da ta sami jinsi da jam'i da mallaka a cikin harshe ta gama biyan haraji, ba sauran mai tambayarta daga ina ta fito.

Sai dai akwai wuri guda da ƙiyasi bai tafi daidai ba, kuma a nan ne kalmar ta fi daɗin tauna. Wasalin da ke tsakiyarta a Turanci shi ne wanda ke cikin asalin tebur da lebura da fenti da reza, dukansu kuwa da wasalin “e” muka karɓe su. Bisa wannan awo, tesha ya kamata ta tsaya. Me ya karkatar da ita? A ganina kunnen mutanen farko ne ya ji wata 'yar gida tana kusa, watau tashi, sai ya jawo baƙuwar ya zaunar da ita a gefenta. Lalle ba uwa ɗaya ta haife su ba, mai kunne ma zai ji cewa wasalin farko na tashi ja ake yi, na tasha kuwa a taƙaice yake; amma wa zai tsaya awon wasali alhali jirgi ya busa? Wurin da jirgi ke tashi, mota ke tashi, fasinja ke tashi, ai tasha ce, magana ta ƙare. Abin mamakin shi ne asalin kalmar kishiyar wannan yake nufi. Turawan Ingila ba su ƙaga ta ba. Daga Faransanci suka ɗauko ta, cikin dubban kalmomin da suka kwararo musu bayan Normandawa sun ci ƙasarsu a 1066, Faransanci kuwa ya gada daga Latin, inda tushenta ke nufin tsayawa. Ta shafe ƙarnuka tana nufin wurin da aka tsai da mutum, kamar mai gadi a bakin aikinsa, ko matsayinsa a cikin jama'a, kafin jirgin ƙasa ya bayyana a Ingila wajen 1830 a ba ta sabon aiki. Ashe wurin da Bature ya kira matsaya shi ne Bahaushe ya ji kamar wurin tashi, kuma kowannensu rabin gaskiya ya faɗa, domin ba a gina wurin don a dawwama a cikinsa ba, ba kuwa a tashi daga inda ba a tsaya ba.

Wanda ya haɗa rabi biyun nan a cikin tushe guda shi ne Larabci. Haruffa uku ne, ƙaf da wau da mim, daga cikinsu aka ciro iƙama wadda ladan ke yi in za a tsai da salla, aka ciro muƙami wanda ma'aikaci ke hanƙoro a ofis, aka ciro kuma ƙiyama, wadda mu da kanmu ba mu cika ambatonta ba sai mun ce tashin ƙiyama, domin tsayuwar wannan rana tashi ce. Sufaye suna kiran matakan da muridi ke bi a cikin suluki, tun daga tuba zuwa haƙuri da tawakkali da yarda, da sunan maƙamat, kuma ya ishe mu abin lura cewa Turawan da suka juya littattafan tasawwufi zuwa harshensu ba su sami kalmar da ta fi dacewa da wannan ba face wadda muka mayar tasha. Ga ta a alƙalamin wani tana hawa zuwa ga ma'arifa, ga ta a bakinmu tana warin baƙin mai. Su kuwa Larabawan zamani, da jirgi ya zo musu, ba su taɓa wannan tushe ba, sai suka ce mahaɗɗa, watau inda ake sauke kaya, abin da ya fi kusa da tunanin raƙumi da ayari.

Mu ma muna da tamu kalmar ta ayari tun kafin dogo, ita ce zango, kuma Lafiya ta san zango sarai. Garin da Barebari suka kafa a ƙarƙashin Dunama a tsakiyar Alago da Koro da Gwandara, a zamanin Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin kogi, fatake suna kai da komo, gishirin Keana da na Awe yana yawo a kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Zango shi ne inda madugu ya ga dama ya ce a sauka, bisa ga tsayin rana da ƙarfin dabbobi da kusancin ruwa. A can ake kwana, a tuƙa tuwo, a yi ciniki, wani ma ya yi aure ya zauna, har zangon ya zama gari, kamar Zangon Katab da Zangon Daura. Fataken goro sun kai kalmar har Gwanja da Kumasi, inda har yau unguwar baƙi Musulmi da wannan suna ake kiranta a bakin waɗanda ba su jin Hausa, watau mun ba da rance kafin mu karɓa. Amma jirgi ba madugu ba ne. Dogon gabas, wanda ya taso daga Fatakwal, ita ma sunan wani Bature ce da bakinmu ya tauna ya sake fitarwa, ya iso Inugu a 1916 saboda kwal, ya ratso ta Makurɗi da Lafiya da Kafanchan a cikin shekarun 1920 har ya haɗu da na Kaduna, kafin a gama gadar Binuwai a 1932 kuwa a kan jirgin ruwa ake haye da taragu. Wannan abu yana tsayawa ne inda injiniya ya auna, na mintocin da takarda ta yanke, ba ya jiran mai alwala, ba ya sauraron mai taya doya. Ba a iya kiran wannan zango ba tare da an yi wa zango ƙarya ba, kuma mutanen da suka ƙi sa masa tsohon suna sun fi mu sanin abin da tsohon sunan ke ɗauke da shi. Zango kuwa bai mutu ba, makaranta ya koma, inda ake cewa zangon karatu na farko da na biyu, ya shiga siyasa kuma, inda gwamna ke neman zango na biyu.

Bai ma kamata mutumin wannan gari ya ƙyamaci kalmar aro ba, tun da sunan garinsa aro ne. Lafiya Larabci ce, al'afiya, aka yar da alifi, lamun ya manne a jikin kalmar har ya zama nata, kamar yadda ya manne wa labari da littafi da liman da lahira da lokaci da laifi. Ban kuwa taɓa jin malamin da ya tsai da mai gaisuwa ya ce ya yi lahani don ya ce lafiya lau ba. Malaman lugga na Larabawa sun daɗe da sanin wannan babi, suna kiransa mu'arrabi, watau baƙuwar kalma wadda aka sa wa rigar Larabci, har Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya wallafa littafi a kan irinsu. Abin da kakanninmu suka yi wa Larabci cikin ladabi, shi jikokinsu suka yi wa Turanci cikin hanzari. Hannun dai ɗaya ne.

Yau jirgin ya yi wa Lafiya nisa, amma kalmar ba ta tafi da shi ba, ta tsallaka titi ta koma wurin mota. Tun da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato ran 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama hedikwata, tashoshi suka yawaita a kan hanyar Jos da ta Makurɗi da ta Doma da ta Shandam. Wanda ke son ya ji yadda Turanci ke narkewa ya zama Hausa, can ya kamata ya yi sammako, lokacin da 'yan kamasho ke kiran Akwanga, Keffi, Abuja a numfashi ɗaya, suna rantsuwa saura mutum ɗaya alhali kujeru uku ba kowa, ana lodin doya ƙwarya-ƙwarya da buhunan riɗi da agushi, mai faci ya tsoma taya a ruwa yana jiran inda kumfa za ta ɓullo, direba kuma ya leƙo ta taga ya ce wa yaronsa, “Kai, zare waigin nan, in mun sauke ka tuna mini a duba burki.” Yaron ya ce, “To, Oga, salansa ma ta kwance, sai mun biya gareji.” A cikin wannan 'yar musayar akwai kalmomin Ingila huɗu da ta Yarbawa ɗaya, amma in da za a ɗauko mutumin London a tsai da shi a wurin, da ƙyar zai tsinci ko guda, domin sun daina zama nasa tun kafin a haifi ubansa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ga wannan duniya ta isa a yi mata waƙa, ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe karen mota, mutumin da kowa ke aike babu mai tambayar ko ya karya.

Daga wannan farfajiya ce kalmar ta samo wata ma'ana wadda babu ƙamusun Ingila da ya san da zamanta. In uwa ta ce wa ɗanta kada ya kawo mata maganar 'yan tasha a cikin gida, ko dattijo ya ce wane tashanci ya yi masa yawa, ba mota ake zance ba, ana nufin bakin da ba ya jin nauyin kowa da idon da ya bushe. Irin wannan gangara ta faru da bariki tun da farko. A wurin masu ita, gidan kwanan soja ne kurum; a wurinmu ta fara da masaukin da ake gina wa Bature a bayan gari in ya fito rangadi, ta koma unguwar Turawa da akawunansu da kukunsu, wani wuri ma ta zama sunan gari kamar Barikin Ladi, daga nan ta zama sunan duk wani zama da ake yi nesa da idon iyaye, har aka sami ɗan bariki da 'yar bariki da barikanci, aka kuma yi mata kirari da alalen gero, wanda in ba ka iya ba ka kwana da yunwa. Kalmomin nan biyu sun adana mana tsoron da tsohon gari ke yi wa duk wurin da ake haɗuwa ba wanda ya san uban wani. Tsoron yana da dalili, amma hukuncin ya yi tsauri, domin a tashar nan ce ake tara wa matafiyin da guzurinsa ya yanke kuɗin mota, a nan ake riƙe yaron da ya ɓata har a gane danginsa, kuma da yawan masu zagin 'yan tasha su ne ke ba su amanar saƙon kuɗi da magani su kai wani gari ba tare da takarda ba.

Sa'an nan ta hau iska. Da akwatin rediyo ya shigo, Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, Rediyon Kaduna ya bi baya, ba a yi wani taro ba aka ce tashar rediyo, aka ce kamo mana tasha, murɗa tasha, tasha ta ɓace, alhali babu tarago babu fasinja, sai murya kaɗai da ke tasowa daga wani wuri ta sauka a wani. A nan ne nake ƙara samun hujja a kan abin da na faɗa game da tashi. Bature yana kiran wurin sayar da fetur da wurin 'yan sanda da wannan kalma tasa, amma mu mun ƙi bin sa, muka ce gidan mai, muka ce caji ofis ko ofishin 'yan sanda, domin ba abin da ke tashi daga can. Muka yarda da tashar jiragen ruwa da tashar wutar lantarki, inda wani abu ke fita ya nufi wani wuri. Har muka wuce shi, muka kira zauren da mutum ke buɗewa a YouTube tasha, wurin da shi wata kalma dabam yake amfani da ita. Babu hukumar da ta zauna ta tsara wannan, ijma'in kasuwa ne, kuma ya fi na kwamiti daidaito.

Duk wannan yakan faɗo mini a rai in na ji yadda ake horon yara a kan lafazin Turanci. Aji guda a Lafiya yakan tara Bahaushe da Eggon da Alago da Tibi da Ibo, kowane da inda harshensa ke tuntuɓe. Akwai sautin nan da Bature ke yi da harshe a tsakanin haƙora, wanda yake rubutawa da “th”: galibin 'yan ajin sukan mai da shi “t” ko “d”, Bahaushe kuwa yakan mai da shi “s” ko “z”, ba don komai ba sai don haka ya saba yi wa 'yan'uwansa na Larabci tun da daɗewa, shi ya sa muke cewa Usman da sulusi da zikiri. Dukansu sun kauce wa asali, amma na Bahaushe aka fi yi wa dariya, shi da “p” da “f” ɗinsa, waɗanda a bakinsa sauti ɗaya ne da ke fita tsakanin leɓɓa, wanda ya ba mu fasinja da fensir da famfo da fakiti. Malamin da ke gyara wannan yana kan gaskiyarsa, domin harshen da ke da haruffa 26 da sautuka sama da 40 ba a karanta shi da ido kaɗai, dole sai an ji daga baki, kuma yaron yana da takardar lafazi a gabansa a jarrabawar WAEC, da alamomin nan irin waɗanda Daniel Jones ya cika ƙamusunsa na furuci da su a 1917. Wanda zai yi Turanci ya yi shi yadda za a fahimce shi a Legas da London. Amma akwai iyaka da ya kamata a sani. Tajwidi ya tsananta a kan mafitar kowane harafi domin tilawa ibada ce, lafazinta kansa abin kiyayewa ne. Turanci kuwa mu'amala ce, maƙasudinta fahimta, kuma masu shi ma ba su furta kalmar da muke zance yadda mutanen Rum suka furta ta ba, sun tauna ta son ransu kamar yadda muka tauna tasu.

Inda abin ke ɓaci shi ne ranar da ɗalibin ya iya, ya koma gida ya ji tsohuwarsa ta ce asibiti ko likita, ya yi murmushin wanda ya kama kuskure, alhali Hausa tsantsa ta yi, shi ne bai gane inda harshe ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara ba. Daga irinsa ne ake samun Ingausa, watau a ɗebo kalmar Turanci ɗanya da gashinta a jefa a tsakiyar jimla, ba jinsi, ba jam'i, ba a ko sassaƙe mata gaɓa ba, har mai saurare ya rasa da wane kunne zai ji. An ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan irin aron ake nufi. Leburorin dogo da kurata da yaran mota, waɗanda yawancinsu ba su taɓa riƙe alli ba, su ne suka ba mu kwalta da hafsa da lebura da tasha, kuma har yau ban ga kalma ɗaya da masu digiri suka sassaƙa ta zauna daram kamar waɗannan ba.

A Maraɗi da Damagaram, inda Faransa ta yi mulki, yaro lakwal yake zuwa, malaminsa kuwa mushe ne, amma in zai yi tafiya tasha yake nufa ya hau mota, kamar ɗan'uwansa na Lafiya. Dogon Turawan Ingila bai taɓa ƙetare iyaka ba, a Ƙauran Namoda da Nguru ya tuƙe; direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa masu bi ta Jibiya da Daura su ne suka haye da kalmar. Sabon dogon da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ranar da ya isa zai tarar sunan wurin tsayawarsa ya riga shi zuwa da shekaru masu yawa.